Kada A Girgiza

A asibitin ƙashin da ke bayan tashar mota, in ka tura ƙofa ka shiga ɗakin jira, ba teburin yankar kati idonka zai fara gani ba. Wani tanki ne na gilashi, tsawonsa ya kai na gado, an ɗora shi a kan kabad a jikin bangon hagu, fitila mai shuɗin haske tana rataye a samansa. Akwai kifaye bakwai a ciki, amma su 'yan haya ne. Masu gidan su ne murjani: wani kamar faranti, wani dunƙule kamar ƙwaƙwalwa, wani kuma mai rassa da ake ce wa Ƙahon Barewa. Ruwan na gishiri ne irin na teku, a bokiti ake haɗa shi.

In da sassafe ka zo, za ka tarar da wata gajeruwar mata a durƙushe gaban kabad ɗin, tsintsiyarta jingine da bango tana jiran a zo kanta. A takarda aikinta shara da goge-goge. Ma'aikata suna kiranta Uwar Duwatsu. Da farko tsokana ce, sai ta karɓe sunan ta yafa, har ya zama in an kira ta da wani suna ba ta saurin waiwayowa.

Marigayi mijinta shafen farar ƙasa yake yi, ita kuma ita ke jiƙa masa. Shekara ashirin tana tsaye a kan duro tana motsawa da itace, har tafin hannunta ya tsattsage, kuma bai sake komawa daidai ba. Da ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya, buroshi biyu da duron nan. A lokacin ta samu aiki a asibitin, wajen Tsohon Likita, wanda shi ya gina wurin, shi ya kuma kafa tankin.

Wata rana tana goge ƙasa ta gan shi yana kaɗa wani farin gari a jarka, yana duba agogo, da alama so yake ya juye ya tafi. Ta matso ta leƙa, ta murza garin a yatsa, ta ce masa wannan ai farar ƙasa ce, kuma duk wanda ya yi mata gaggawa sai ta ƙone shi. Ya yi dariya ya ce ya sani, haƙurin ne ba shi da shi. A ranar ya zaunar da ita ya yi mata bayani. Ita dai murjani a zare ta san shi, a wuyan mata. Ya ce wannan kwarangwal ne kawai. Mai rai shi ne wanda ke cikin tankin, kuma ƙashi yake ginawa dare da rana, da kalsiyam ɗin da yake zuƙa daga ruwa, kamar dai masu karayar da ke zaune a kan benci. In kalsiyam ya yi ƙasa, gini ya tsaya. Farar ƙasar nan mai tsabta ita ce ke mayar da abin da aka zuƙe.

Ba a yi wata uku ba jarkar ta koma hannunta gaba ɗaya.

Ga yadda take yi. Da safe ta zuba tataccen ruwa a jarka, ta sa garin ƙaramin cokali biyu a kowace lita huɗu, ta motsa sau ɗaya, ta rufe. Shi ke nan, ba mai taɓawa sai la'asar. Zuwa lokacin abin ya rabu uku: ɓawo a sama, laka a ƙasa, ruwa garau a tsakiya. Na tsakiyar kaɗai ake so. Sai ta ɗauko robar ƙarin ruwa irin ta majinyata, ta saita ɗigo ɗaya a kowane bugun zuciya, ya riƙa sauka a tankin a hankali. Litinin da Alhamis kuma awo take yi. Ta ɗebi ruwan tankin da sirinji, ta ɗiga maganin awo tana ƙirgawa, har ruwan hoda ya rikiɗe ya zama shuɗi. Ɗari huɗu da ashirin take nema. Ta rubuta lambar a kalandar da ke manne a cikin ƙofar kabad.

Tsohon Likita ya koya mata cewa kalsiyam ba shi kaɗai yake aiki ba, akwai kabonet, akwai magnisiyam. Sunayen sun yi mata nauyi a baki, sai ta raɗa musu nata: wa, ƙani da kawu. Wa da ƙani tare suke gini, amma in ɗaya ya yi yawa fiye da kima sai su cakumi juna su faɗi ƙasa su zama alli, kowa ya rasa. Kawu shi ke shiga tsakani. In wani mai jiran likita ya tambaye ta me take aunawa, sai ta ce zaman lafiyar gida.

Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikin Tsohon Likita ya shanye, ya koma gida, magana ma da ƙyar. 'Yarsa, wadda ake ce wa Likita Ƙarama, ta gaji ɗakin duba marasa lafiya. Mijinta ya zama Manaja. Ba mugun mutum ba ne, mutum ne mai son komai ya yi layi. Shi in ya dubi tankin, kujera shida da talabijin yake gani a wurin. Ya ce gishiri yana cin fentin bango, ya ce mutane suna tsaye saboda an ba duwatsu wurin zama. Uwar Duwatsu kuma ta ce masa wanda ya zo da karyayyar ƙafa gara ya kalli abin da ke warkewa, da ya kalli masu gudu a bayan ƙwallo. Haka suke, yau ya jefa, gobe ta mayar. Likita Ƙarama ba ta sa baki. Uwar Duwatsu ta lura da wani abu ma: tun da mahaifinta ya kwanta, in za ta ratsa ɗakin jira sai ta kau da kai daga bangon hagu.

Ana nan sai aka yi wa 'yar Uwar Duwatsu tiyatar haihuwa, dole ta je ta zauna da ita kwana goma. Ta damƙa tankin a hannun Sista, babbar ma'aikaciyar jinya, wadda suka yi shekara goma sha biyar suna cin abincin rana a benci ɗaya. Ta nuna mata jarka, ta nuna mata roba, ta ce na tsakiya kawai. Sista ta ce, "Yaya, na sa wa mutum dubu ƙarin ruwa, tanki ne zai gagare ni? Ki je ki ɗauki jikanki."

Kwana shida komai lafiya. A na bakwai Sista ta gwada awo, ta ga ɗari uku da tamanin. Ranta ya tashi. Ta buɗe jarka ta ga duk farin ya kwanta a ƙasa, sama kuwa kamar ruwan sha. A tunaninta ashe kwana shida ruwa zalla take ba majinyaci, magani yana kwance a gindin kwalba. Shekara talatin tana faɗa wa iyayen yara a girgiza kafin a sha. Sai ta rungumi jarkar ta girgiza ta da kyau, ta cire roba, ta juye rabi a tankin don a cike gurbin kwanakin da aka rasa.

Kafin ta mayar da murfi ruwan ya zama madara.

Da Uwar Duwatsu ta dawo, ruwan ya ɗan washe, amma fari ya lulluɓe komai, gilashi da duwatsu da injinan da ke juya ruwa. Kifi ɗaya ya mutu. Murjani duk sun ƙanƙame jiki. Garin kankare farin da buroshi kuma Sista ta karya reshe guda na Ƙahon Barewa, yana kwance a kan yashi. Da Uwar Duwatsu ta yi awo sai ta ga ɗari uku da goma: garin neman ƙiba an samo rama. Wa da ƙani sun cakumi juna sun faɗi.

Sista tana tsaye a bayanta, ido ya yi ja, tana jiran faɗa. Uwar Duwatsu ta daɗe tana kallon tankin. Can ta ce laifin nata ne, da ta ce na tsakiya ba ta ce kada a girgiza ba, alhali ta san da wa take magana. Ai ma'aikaciyar jinya ko jariri aka miƙa mata sai ta ɗan girgiza shi. Sista ta yi dariya da hawaye tare.

Manaja kuwa faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Ya kira Uwar Duwatsu ofis ya ce ya yi haƙuri iya haƙuri, yanzu ga shi kowa ya gani, duwatsun sun yi fari fat, sun mutu. Asabar ta ƙarshen wata mai kamawa masu kwashewa za su zo. Kifayen a ba mai so, sauran a zubar.

"Yallaɓai, fari kala-kala ne," in ji ta. "Akwai farin alli, akwai farin mutuwa, akwai farin tsiro. Ni matar mai farar ƙasa ce, a bar ni da fari."

Ya ce ba shawara yake nema ba, sanarwa yake yi. Ta ce ta ji sanarwa, ta ɗauki tsintsiyarta ta fita.

Sati biyar gare ta. Sista ta kawo shawarar a ƙara kalsiyam da yawa tunda ya faɗi, Uwar Duwatsu ta ce ta rufa mata asiri ta riƙe hannunta a aljihu. Kwana huɗu ba ta ɗiga komai ba. Ta ciro injinan ɗaya bayan ɗaya ta jiƙa a ruwan khal, wato ruwan tsami, har allin ya narke. Duk bayan kwana uku ta haɗa sabon ruwan gishiri, ta kwashe kashi ɗaya cikin biyar na tsohon ta maye da sabo. Bokiti takwas ke nan, daga famfon baya zuwa ɗakin jira, da bayan da ba ya son sunkuyo. Ta auna kawu ta ga shi ma ya ja baya, ta fara gyara shi tukuna, don in ba kawu a gida duk abin da aka zuba faɗa zai zama. Sannan ta koma kan ɗigo, ba ta yarda lamba ta hau fiye da ashirin a yini ba. Reshen da ya karye kuwa ta ɗauke shi da hantsaki, ta ɗiga gam a gindinsa, ta dasa shi a kan wani dutse kusa da gilashi inda ruwa ke kaɗawa.

Ba duka ta ceto ba. Faranti biyu naman jikinsu ya saɓule, suka bar ƙashi tsirara. Wannan shi ne farin mutuwa, kuma ba ta yi wa kowa ƙarya a kansa ba. Da hannunta ta ciro su ta nannaɗe a jarida.

'Yarta ta yi ta kiran waya tana cewa, Inna, ki bar musu kayansu, kada a kore ki a kan dutse, ki zo ki huta ga jikanki. Ta ce mata ta shayar da ɗanta ta bar manya da nasu renon. Manaja ma duk safiya in ya wuce sai ya ce, "Inna, ya masu jiki?" Ita kuma ta ce da sauƙi, suna gaishe shi, sun ce a gaya masa ba inda za su.

A sati na huɗu lamba ta kai ɗari huɗu da goma. A ranar ne kuma, tana goge gilashi, ta ga abin da take jira a gindin reshen da ta dasa. Ta kira Sista ta nuna mata. Sista ta manna goshi a gilashi ta daɗe, sannan ta ɗago ta ce ita ta san wannan, kullum tana ganinsa a hoton ƙashi. Suka je wajen Manaja, ya ce ba shi da lokacin leƙen dutse. Suka nemi ganin Likita Ƙarama, ta aiko cewa harkar gini da kayan ɗaki tana hannun Manaja.

To akwai wani allo a saman teburin kati, tun zamanin Tsohon Likita, rubutunsa har ya fara dushewa: duk wanda ya yanki kati ba ya fita sai likita ya gan shi. Uwar Duwatsu ta share shekara goma sha tara tana goge ƙurar allon nan. Ranar Juma'a ta tsaya a gabansa da tsumma a hannu, ta karanta shi kamar yau ta fara gani.

Asabar da hantsi mutum biyu suka shigo da tiyo da manyan robobi, Manaja yana gaba. Ɗakin jira cike yake, masu sanduna da masu filasta a hannu da ƙafa. Suka tarar da ita zaune a kan 'yar kujera, bayanta jingine da kabad, ta ɗora hannu a gwiwa, da koren kati a tsakanin yatsunta.

"Inna, tashi a yi aiki."

"Layi nake bi, Yallaɓai. Lamba goma sha huɗu."

Ya karɓi katin ya duba. Rubutun Sista ne. Suna: Ƙahon Barewa. Ciwo: karaya. Mai jinya: Uwar Duwatsu. Ya ce wannan wasan yara ne, kuma raini ne, kuma za ta gani a rubuce. Ta ce a rubuta, amma ta tambaye shi abu ɗaya: a gidan nan wa ke sallamar majinyaci, Manaja ko likita? Wani dattijo mai filasta har cinya ya ce shi dai lambarsa goma sha biyar, kuma ba zai tsallake na gabansa ba. Aka yi dariya. Masu tiyo suka dubi juna, suka ajiye robobinsu suka nemi gefen benci.

Manaja yana iya sa a ɗauke ta da kujerar. Ta san haka, amma ba ta motsa daga kujerar ba. Shi kuma ya dubi idanun da ke kansa, ya ga ba ranar ba ce. Ya tsaya ya harɗe hannu.

Aka kira goma sha biyu, aka kira goma sha uku. Da aka kira goma sha huɗu Sista ta leƙa ɗakin likita ta ce majinyacin ba ya iya tafiya, sai dai a zo a gan shi. Likita Ƙarama ta fito da sauri, tana zaton wani ne ya faɗi. Da ta ga inda Sista ke nunawa sai ta tsaya cak. Ta dubi mijinta, ta dubi katin, ta ce a hankali, "Inna, don Allah."

"Ba roƙo na zo yi ba, Likita. Dubawa kawai. In kin ce ya mutu, da kaina zan riƙe musu tiyo."

Ta miƙa mata gilashin ƙara girman da Tsohon Likita ya bari a kabad. Likita Ƙarama ta juya shi a hannu, ta gane shi. Sannan ta durƙusa, karo na farko cikin shekara biyu, ta kunna 'yar tocilarta ta aljihu.

A gindin reshen, inda aka ɗiga gam, wani sabon abu ya malalo ya rufe gam ɗin, ya kama dutsen ta kowane gefe kamar kakin kyandir. Jikinsa ruwan ƙasa ne, bakinsa kuwa siririn layi ne fari tas. A kan reshen ma, inda ya ɓalle, wurin ya toshe, ƙananan tsiro biyu masu farin kai sun ɓullo. Wadda ta yi shekaru tana duba hoton karaya ba ta bukatar a gaya mata yadda ɗori yake in ya kama.

Likita Ƙarama ta daɗe a durƙushe, fiye da yadda dubawar take bukata. Da ta miƙe ta tambayi nawa ne kalsiyam. Aka ce ɗari huɗu da ashirin, tun Alhamis. Ta zaro biro ta rubuta a katin, ta karanta a fili yadda take yi wa kowa: ƙashi yana haɗewa, kada a motsa majinyaci, a dawo bayan sati shida. Ta miƙa wa mijinta katin ba tare da ta ɗaga murya ba, ta ce a kira goma sha biyar.

Ranar Litinin takardar gargaɗi ta iso, da sa hannun Manaja da hatimi. Uwar Duwatsu ta sa aka karanta mata sau biyu, ta ce Hausar ta yi kyau, ta ninke ta, ta sa a ƙarƙashin ƙafar kabad ɗin da ta daɗe tana ɗingishi. Talabijin ya samu wuri a bangon dama, kujeru uku suka shiga maimakon shida.

Ba a taɓa cewa tankin ya tsira ba. Sati shida aka ba shi. Sai dai duk bayan sati shida tana yankar lamba ta bi layi, Likita Ƙarama ta fito ta duba ta ƙara wasu shida, har an liƙa wa katin takarda ta uku. Wani lokaci Likita takan ɗauki hoton reshen a waya ta kai wa mahaifinta. An ce yakan daɗe yana kallo, ya ɗaga yatsun hannunsa mai lafiya, huɗu sannan biyu, yana tambayar ko kalsiyam yana kan ɗari huɗu da ashirin. A ce masa eh, yana nan.

Jarkar kuwa yanzu tana da tambari. Sista ce ta yanko filasta mai faɗi ta manna, ta rubuta da manyan baƙaƙe: KADA A GIRGIZA. Da Manaja ya gani ya ce an yi kuskuren wuri, a goshin mai jarkar ya kamata a manna. Uwar Duwatsu tana durƙushe tana ƙirga ɗigo, ba ta ɗago ba sai da ruwan hoda ya koma shuɗi. Sannan ta ce masa ai shi ya riga ya karanta, ba sai an rubuta ba.